Yadda ake tsara manhajar AR da za ta zaga da baƙo cikin birnin Kano

Duk wanda ya taɓa raka baƙo yawon buɗe ido cikin birnin Kano ya san inda gizo ke saƙar. Za ka tsaya da shi a bakin titi, ka nuna masa wani tudun jar ƙasa da ruwan sama ya zaizaye, ka ce masa ga ganuwa nan, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu da ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Zai gyaɗa maka kai don kara, amma tudu kawai idonsa ke gani, gidaje sun cinye gefe ɗaya, kududdufi ya cinye ɗayan. Wannan giɓin ne fasahar ɗora hoto a kan zahiri, wadda masu sana'ar ke kira AR, za ta iya cikewa. Mutum ya ɗaga wayarsa ya saita kamara a kan tudun, sai ya ga katangar ta miƙe a fuskar wayar, a daidai gurbinta, da tsayinta da kaurinta.

Fasahar ta kwana biyu a duniya. Tun 2010 gidan tarihin birnin Landan ya fitar da manhajar Streetmuseum, mai ɗora tsofaffin hotunan tituna a kan titunan yau. A 2016 wasan Pokémon Go ya fito da miliyoyin mutane waje suna farautar abin da babu shi sai a cikin waya. Kamfanin Apple ya saki ARKit, kayan gina manhajar AR a iPhone, a 2017, Google ya biyo da nasa na Android, ARCore, a 2018, a 2019 kuma taswirar Google ta fara zana wa mai tafiya a ƙasa kibiyoyi a kan titi. Kayan aiki sun wadata, akasarinsu ma kyauta ne. A wajen tsari ake faɗuwa. Na sha sauke irin waɗannan manhajoji in buɗe sau ɗaya in goge, domin wanda ya tsara su yana zaune ne a ɗaki mai sanyi, ni kuwa ina tsaye a rana, hannu ɗaya riƙe da jaka, babura na shafar gwiwar hannuna. Baƙo wuri ya zo gani. Manhajar da ta amsa sunanta ita ce wadda za a ɗaga na ɗan lokaci, ta nuna abin da ido ba zai iya gani shi kaɗai ba, a mayar da ita aljihu a ci gaba da kallon gari. Duk matakan da ke tafe a kan wannan na gina su.

Mataki na farko: ka fita da ƙafarka

Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kafin ka buɗe kwamfuta, ɗauki littafi da biro ka bi hanyar da baƙo zai bi. Fara daga Gidan Makama, ka wuce ta gaban Gidan Rumfa da babban masallaci, ka shiga Kasuwar Kurmi, ka leƙa marinar Ƙofar Mata, ka ƙare a kan Dutsen Dala. Ka yi wannan zagayen sau uku: da hantsi, da rana tsaka, da kuma bayan la'asar, domin wuri ɗaya yakan zama wuri uku a cikin yini guda.

Abin da za ka rubuta ba tarihi ba ne tukuna. Ka rubuta inda mutum zai iya tsayawa minti ɗaya cur ba tare da ya tare wa kowa hanya ba. Ka rubuta inda inuwa take, da lokacin da rana ke dukan idon kamara kai tsaye. Ka lura da inda sabis ke ɗaukewa. Mafi muhimmanci, ka bi bayan masu zagawa da baƙi, ka saurari tambayoyin da ake yi musu, musamman waɗanda suke amsawa da hannu, suna zana abu a iska saboda baki ya gaza. Duk inda ka ga mai bayani ya ɗaga hannu yana cewa "a da ta kai kamar nan", to nan ne gurbin manhajarka.

Daga nan ka tsayar da wanda kake yi wa aikin. Masu ziyartar birni iri-iri ne: 'yan makaranta da ake kawowa a motar haya, Bakanon da ya girma a wata ƙasa ya dawo da 'ya'yansa, ɗan kasuwa daga Damagaram ko Injamena da ya samu rarar yini ɗaya, mutumin Legas da ya zo kallon hawan Sallah, da Bature mai bincike. Zaɓi guda ka sa shi a gaba. Ni da zan zaɓa, malamin makarantar da ke jan yara talatin da waya ɗaya tak zan zaɓa, domin abin da ya yi masa aiki zai yi wa sauran.

Mataki na biyu: aiki ɗaya, wurare kaɗan

Taura biyu ba ta taunuwa. Kada manhajar ta zama taswira da kantin sayayya da wurin kama otal da kundin tarihi a lokaci guda. Rubuta aikinta a jimla ɗaya, misali: "tana nuna wa mai ziyara yadda wuraren tsohon birni suke a da, a daidai inda yake tsaye." Duk abin da bai shiga wannan jimlar ba, a ajiye shi.

Sannan ka tace wuraren. Tambayar da za ka yi wa kowanne ita ce: akwai wani abu a nan da ya ɓace, ko yake ɓoye, wanda sai an ɗora shi a kan wurin za a fahimta? Ganuwa ta ci wannan jarrabawa, haka ƙofofin da aka rushe aka sake ginawa domin faɗaɗa titi. Saman Dala ma ya ci, domin matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zana birnin daga can a 1851, kuma za ka iya ɗora wannan zanen a kan rufin kwanon da ya mamaye wurin yau, mutum ya ga filaye da gonakin da ke cikin ganuwa a wancan lokaci.

Marina ce ta fi ba ni sha'awa. Wata safiya na durƙusa kusa da wani dattijo yana tsoma zane yana ɗagowa, hannunsa shuɗi har gwiwa. Na ce, "Sannu da aiki, Baba. Me baƙi suka fi tambayarku?" Bai ɗago ba ya ce, "Yaro, tambayarsu ɗaya ce kullum. Zurfinta nawa, kuma me ke ciki?" Nan take na gane abin da ya kamata a gina. Baƙo bakin rami kawai yake gani da kumfa a sama, alhali ramin ya fi tsayin mutum zurfi. Manhaja za ta iya tsaga masa ƙasa a fuskar waya, ya ga ramin har gindinsa, ya ga yadda baba da toka ke zama a cikin ruwa kwanaki kafin su nuna. Wannan abu ne da allon bayani ba zai yi ba, shi ma dattijon ba zai iya buɗe ƙasa ya nuna ba.

Kurmi kuwa, duk da cewa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, ba ta buƙatar a ɗora mata komai. Tana nan da ranta, da ƙamshin turare da fata da kayan yaji. Murya a kunne ta isa. Wurare uku zuwa biyar da aka yi da kyau sun wadatar da fitowar farko.

Mataki na uku: wayar da ke aljihun mutane

ARCore ba ya aiki a kan kowace wayar Android. Google na da jerin wayoyin da ya tantance, kuma da yawa daga cikin masu sauƙin kuɗi da suka cika hannun jama'a ba sa ciki, musamman masu ɗauke da Android Go, nau'in Android mara nauyi da aka yi wa ƙananan wayoyi. Buɗe jerin nan, ka kwatanta da wayoyin da ka gani a hannun mutane a zagayenka. Idan ka gina a kan babbar wayarka kaɗai, ka rufe wa malamin makarantar nan ƙofa tun kafin ya iso.

Mafita ita ce hawa biyu. Wayar da ke iya cikakken AR ta samu siffa mai tsayi da faɗi da zurfi, wadda za a iya zagayawa. Wadda ba ta iya ba ta samu tsohon hoto mai shara-shara a kan abin da kamara ke gani, mai wayar ya daidaita da hannunsa, ya ja yatsa hagu ya ga da, ya ja dama ya ga yanzu. Manhajar ce za ta gane irin wayar da kanta, ba sai ta tambayi mai ita ba. Unity, manhajar da ake gina wasanni da ita, da sashenta na AR Foundation na ba ka damar rubuta aiki ɗaya ya hau Android da iPhone. Akwai kuma hanyar burauza, irin su AR.js, inda mutum zai haska lambar QR abin ya buɗe ba sai ya sauke komai ba, sai dai ƙarfinta bai kai na cikakkiyar manhaja ba kuma tana dogara da sabis.

Data kuɗi ce. Ka matse siffofinka a tsarin glTF, wato tsarin ajiye siffofi a fayil mara nauyi, ka rage girman hotunan da ke lulluɓe da su, ka raba kayan wuri-wuri yadda mai zuwa Dala kaɗai ba sai ya sauke na marina ba. Ka rubuta girman kowane kunshi a fili kafin a danna, ka kuma ba da damar saukewa tun daga masauki. Da zarar an sauke, komai ya yi aiki ko babu intanet.

Mataki na huɗu: yadda waya za ta san inda take

Nan ne ƙashin bayan aikin, kuma nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Idan katangar da ka zana ta fito a tsakiyar titi ko tana rawa a sama, baƙo ba zai sake yarda da komai ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce GPS da kamfas. A fili, ƙarƙashin buɗaɗɗen sama, GPS ɗin waya kan yi kuskuren kimanin mita 5. Wannan ya isa a ce wa mutum "ka iso Ƙofar Na'isa", amma bai isa a dasa ƙyaure a gurbinsa ba. A lungunan cikin birni da rumfunan kasuwa kuskuren ƙaruwa yake yi. Shi kuma kamfas ɗin waya maganaɗisu yake saurara, saboda haka rufin kwano, ƙofar ƙarfe ko motar da ta tsaya kusa duk suna karkatar da shi. A saman Dala, inda kake nuna abubuwa masu nisa kamar Goron Dutse, waɗannan biyun za su ɗan taimaka. A ƙasa, ka yi amfani da su wajen kawo mutum wurin kawai.

Hanya ta biyu ita ce kamara ta gane abin da take kallo. Manhaja na neman ɗigo-ɗigon da suka bambanta da maƙwabtansu, kusurwa, layi, inda haske ya haɗu da duhu, ta riƙe su ta kafa zanenka a kai. To ga matsalar ginin ƙasa: katanga mai santsi, launi ɗaya daga sama har ƙasa, ba ta ba kamara abin kamawa. Amma bangon da aka yi wa ado, mai dagi da zane-zanen magina, ga zankwaye a sama suna yanka sararin samaniya, wannan abinci ne ga kamara. Don haka ka zaɓi abin da za ta gane daga wuraren da ke da ado. Ka ɗauki hotunansu da safe da yamma, ka sake ɗauka a lokacin hunturu, domin hazo na wanke bambancin launi har abin da kamara ta gane a watan Satumba ta kasa gane shi a Janairu.

Google na da wani tsari da ya fitar a 2022 wanda ke kwatanta abin da kamara ke gani da hotunan tituna da Google ya ɗauka, wato Street View, domin gano wuri daidai. Yana da kyau ƙwarai, amma sai inda aka riga aka ɗauki hotunan. Ka gwada shi a kowane wurin da ka zaɓa kafin ka jingina da shi.

Hanya ta uku ita ce wadda na fi amincewa da ita a irin wurarenmu: alama ta zahiri. A kafa ɗan allo mai zane na musamman da lambar QR, wanda ba ya ƙyalli, a tsayin ƙirjin mutum, a kuma zana sawun ƙafa biyu a ƙasa da rubutun "tsaya nan". Mutum ya tsaya a kan sawun, ya haska allon, waya ta san inda take da inda take fuskanta ba tare da kame-kame ba. Kada ka buga ƙusa a jikin kayan tarihi. Allon ya tsaya a kan ƙafarsa, kuma da izinin masu kula da wurin. Gidan Makama, alal misali, yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ne, dole a bi ta kanta.

Kowace hanya ka bi, ka bar wa mutum igiyar gyara. Nuna masa inuwar siffar ƙofar a fuskar waya, ka ce ya matsa har ta hau kan ta gaske, sannan ya danna. Idan kuma manhajar ta rikice, ta faɗi gaskiya da kalmomin da za su taimaka, kamar "haske ya yi yawa, juya wa rana baya" ko "matso kusa da allon". Kada ta bar shi da da'ira tana juyawa.

Mataki na biyar: abin da za a nuna da abin da za a faɗa

Da ɗan gari akan ci gari. Ka zauna da ma'aikatan Gidan Makama da na Gidan Ɗan Hausa, da malaman tarihi na Jami'ar Bayero, da sarakunan ƙofa, da masu unguwanni, da tsofaffin magina. Maginin da ya san yadda ake jera tubali a ɗaura azara zai ga kuskure a zanenka cikin daƙiƙa guda. Abin da ke tsaye har yanzu, ana iya kewaye shi da hotuna ɗari ko fiye, a zuba su a manhaja irin Meshroom ta haɗa siffarsa, a gyara a manhajar zana siffofi ta Blender. Abin da ya rushe kuwa sai an koma ga tsofaffin hotuna da bayanan matafiya da na dattawa.

A nan akwai amana. Abin da mutum ya gani da idonsa a daidai wurin yakan zauna masa a rai a matsayin gaskiya, gani ya kori ji. Saboda haka ka bambanta abin da ke da hujja da abin da aka ƙiyasta. Sashen da akwai hotonsa ya fito da cikakken launi, wanda aka yi hasashe ya fito da layi kawai, da ɗan rubutu mai cewa "ƙiyasi ne". Inda ruwayoyi suka saɓa, a ce sun saɓa. Labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala a ba da shi a matsayin abin da tarihin baka da tsofaffin rubuce-rubuce suka kawo, cikin ladabi, ba tare da mayar da shi wasan yara ba.

Bayani ya tafi ta murya, domin kunne ya ɗauki labari ido ya zauna a kan wuri. Kowane guntu kada ya wuce minti ɗaya. A ɗauki muryar mutum mai daɗin lafazi, a rubuta Hausar tun asali da Hausa, sannan a yi Ingilishi, da Faransanci saboda maƙwabtanmu na Nijar da Chadi da Kamaru, da Larabci idan hali ya yi. A sa rubutun abin da ake faɗa a ƙasa saboda kurame da kuma hayaniyar titi. Ka duba cewa salon haruffan da ka zaɓa na ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana. Raina na ɓaci duk lokacin da na ga an rubuta Ƙofar Mata da ɗan akwati a gurbin harafin farko.

Mataki na shida: fuskar manhaja

Ka tsara don mai hannu ɗaya da ke tsaye a rana. Madannai su zauna a ƙasa inda babban yatsa ke kaiwa, su zama manya. Ƙa'idar Google ita ce kada abin taɓawa ya gaza kimanin milimita 9 kowane gefe, kuma a waje gara ka zarce haka. Rubutu kada ya hau kan hoton kamara tsirara, domin bayansa na canzawa daga farin sama zuwa jan bango. Ka shimfiɗa masa baƙin faifai a ƙarƙashi, harafin ya zama fari. Ma'aunin da aka sani na bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa shi ne 4.5 bisa 1, wannan kuwa mafi ƙaranci ne.

Tsakiyar fuska ta wurin ce. Kada sunaye su wuce uku a lokaci guda, na kusa ya fi girma, na nesa ya jira sai an juya gare shi. Daga saman Dala za ka ji sha'awar sa wa kowace unguwa suna, ka daure, domin sunaye ashirin masu shawagi sun rufe birnin da aka hau dutse don a gani.

Mintin farko shi ke yanke hukunci. Babu rajista, babu neman imel, babu shafuka biyar na gabatarwa. A zaɓi harshe, a ga wuraren, a tafi. Izinin kamara a nema shi a lokacin da za a buɗe ta, da dalili a jimla ɗaya: "muna buƙatar kamara don mu nuna maka ganuwa a inda take." Madannin komawa baya ya kasance wuri ɗaya a kowane shafi. Hotunan kamara su tsaya a cikin wayar, kada a tura su ko'ina. Idan za ka tattara bayanin inda mutane suka bi, ka nemi yardarsu a fili, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta wajabta kula da wannan.

Mataki na bakwai: lafiyar baƙo da mutuncin masu gari

Mai kallon waya ba ya ganin gabansa. Ƙofofin birni a kan manyan tituna suke, 'yan adaidaita sahu na shiga suna fita, marina cike take da ramuka a buɗe, matakalar Dala kuma tana da tsayi. Don haka manhajar ta rufe kamara da zarar ta ji mutum na tafiya, ta ce masa ya duba gabansa, ta koma murya. AR sai a tsaye, a wurin da ka riga ka tantance. Wannan na rage wani haɗarin ma, domin wanda ya daɗe da waya a sama a bakin titi yana kiran masu ƙwace.

Sai kuma abin da littattafan tsara manhaja ba za su gaya maka ba. Wanda aka saita wa kamara bai san ko katanga ake kallo ko shi ake ɗauka ba. Tsohon birni gidajen mutane ne, akwai zauren da aka rubuta wa "ba shiga", akwai mata masu wucewa, akwai masallatai, akwai fada da ƙa'idojinta. Ka zaɓi wuraren tsayawa yadda kamara za ta fuskanci gini, ba ƙofar gida ko sahun masu salla ba. Kafin a buɗe kamara a marina, manhajar ta tuna wa baƙo ya yi sallama ya nemi izini, ta ma koya masa "sannunku da aiki". A kusa da masallaci ta sanar da shi ya dakata a lokutan salla. Kuma ta ƙare kowane bayani da tura shi ga mutane: ga masu rini nan, tambaye su, ga mabuga can, je ka ji sautin bugu. Masu zagawa da baƙi abincinsu ke nan, a tsara manhajar ta zama kayan aiki a hannunsu.

Mataki na takwas: zafi da caji

Kamara da GPS da zanen siffofi da hasken fuska a ƙure, duka a lokaci guda, suna shan batir suna dafa waya. Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, zafin Kano kuwa a watan Afrilu yakan kai 40. Wayar da ta yi zafi tana rage gudu, ta dusashe haskenta, zanenka ya fara tsalle. Kowane kallo kada ya wuce minti ɗaya zuwa biyu, kamara ta mutu da kanta idan an sauke hannu, kuma idan caji ya yi ƙasa manhajar ta koma hoto da murya. Hannu ma gajiya yake yi.

Mataki na tara: gwaji a wurin, da mutanen gaske

Fara da takarda. Zana katangar a kan farar leda mai shara-shara, ka riƙe ta a gaban tudun, ka ga ko mutane sun gane abin da ake nufi. Idan ba su gane a leda ba, ba za su gane a waya ba. Bayan ka gina samfurin farko, nemi mutum biyar. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya daɗe da nuna cewa gwaji da mutum biyar na tono akasarin matsalolin amfani, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa da a yi babba sau ɗaya. Ka haɗa da dattijo, da mace mai goyo, da wanda ba ya karatun boko, da mai ƙaramar waya. Ka ba su aiki, ka kama bakinka.

Na taɓa miƙa wa kawuna waya a gaban wata ƙofa na ce, "Kawu, ga ta, nemo mini yadda ƙofar nan take a da." Ya karɓa ya riƙe ta a kwance kamar mai karanta saƙo, kamara na kallon takalminsa. Ya jira, ya jira, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai ba ta ce in ɗaga ta ba." Gaskiyarsa. Abin da ya zama jiki ga mai ginawa baƙon abu ne ga kowa. Gyaran bai ɗauki yini ba: ɗan zanen hannu yana ɗaga waya, da murya mai cewa "ɗaga wayarka ka fuskanci ƙofar." A gwaji na gaba ba wanda ya tsaya a wurin.

Ka riƙa auna daƙiƙa nawa ake ɗauka daga buɗewa zuwa ganin abu na farko, sau nawa zanen ya goce, da inda mutum ya ɗago ya dube ka yana neman agaji. Akwai tambayoyi goma na auna sauƙin amfani da manhaja da wani masani, John Brooke, ya tsara a 1986, ana kiransu SUS, waɗanda ke ba da maki daga 0 zuwa 100, kuma 68 ake ɗauka matsakaici. Ka mayar da su Hausa ka karanta wa wanda ba zai iya cikewa ba. Sai dai mutanenmu na da kara, za su ce maka ta yi kyau don kada ka ji kunya, saboda haka abin da hannunsu ya yi ya fi abin da bakinsu ya faɗa nauyi. Bayan an gama, ka tambayi kowa ya ba ka labarin wurin da bakinsa. Idan ganuwa ya tuna, aiki ya yi. Idan madannai ya tuna, a koma mataki na shida.

Mataki na goma: bayan an saki

Gari ba ya tsayawa wuri ɗaya. A ranakun Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, bikin da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disamban 2024, wuraren tsayawarka za su cika da dawaki da jama'a, sabis zai cushe. A irin ranakun manhajar ta kashe AR a hanyar hawa, ta bar murya mai bayyana wace tawaga ce ke wucewa da ma'anar kayan da ke jikin doki.

Ginin ƙasa kuma sabunta fuska yake yi. Damina na wanke shi, a zo a yi sabon yaɓe, wani lokaci a sake fenti, sai kamara ta kasa gane bangon da ta sani. Ka ware mutum guda da zai riƙa zagaya wuraren kowane wata da ƙaramar waya, ya duba allunan ko rana ta cinye su ko an liƙa musu fastar siyasa, ya sake zana sawun ƙafar da ya goge. Sabbin hotunan ganewa kuwa a ɗauke su sau biyu a shekara, a watan Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, da kuma tsakiyar hunturu lokacin da hazo ya sauka.